Hannun Ayu a Magamar Jibiya

Ko ƙasa ta rufe idona, ina jin ba zan manta da ranar da aka kusa ɗaure mini ɗiya saboda ƙashi ba. Yanzu dariya nake yi, amma ran nan ba abin dariya ba ne.

Ɗiyata ta fari tana karatun halittun ruwa masu shayarwa a jami'a. Ta je Yamai ta ƙasar Nijar wajen wasu malamai, ni kuma ɗoki ya hana ni zama, na tare ta a Magama, can bakin iyaka. Muna cikin rungume-rungume wani jami'in kwastan ya ce ta buɗe kwalinta. Jami'in ya yaye auduga, sai ga ƙasusuwan yatsu biyar a jere, gaɓa-gaɓa. Wata mai saida fura ta leƙa ta ce hannun mutum ne. Shi ke nan! Kafin ka ce me, 'yan acaɓa da fasinjojin Maraɗi sun kewaye mu. Takardar izininta ta ɗauko ƙasusuwan da Faransanci take, babu ma wanda ya kalle ta. Ni abin da ya tsaya mini a rai, garinmu ne fa. In maganar nan ta shiga Jibiya a haka, sunan yarinyar ya ɓaci har abada.

Ita kuwa ko gezau. Ta shimfiɗa ɗankwali a kan benci, ta jera ƙasusuwan, ta ce, "Inna, kawo hannunki." Na ajiye shi kusa da su. Ta nuna yadda yatsun suka fi nawa faɗi da kauri. Ta ce kakannin dabbar da ƙafa huɗu suka yi yawo a tudu kafin su koma ruwa, shi ya sa yatsun ke nan ɓoye cikin fiffikenta, har da farce irin na giwa, don dangi ne. Ta miƙa wa jami'in haƙarƙari guda, ya ji nauyinsa kamar dutse, babu kogon ɓargo. Da shi dabbar ke nitsewa ta ci ciyawa a ƙasan kogi.

Ya juya shi, ya ce, "To wai wace dabba ce?"

"Ayu ne, ranka ya daɗe."

Wayyo, ku zo ku ga mazan nan! Waɗanda suka fi kowa hargagi su suka fara matsowa, murya ƙasa-ƙasa, suna tambaya ko ta taho da ɗan man ayun na ƙarin ƙarfin maza, wai na wani abokinsu ne. Mai fura ta yi ta sheƙa dariya har da riƙe ciki. Jami'in ma ya kasa daurewa, ya rufe kwalin da kansa, ya ce Allah ya yi wa karatun albarka. Daɗi ya kashe ni, na rangaɗa guɗa a tsakiyar titi ban ji kunyar kowa ba.

Har yau ban gama gane karatun nan nata ba. Amma na koyi cewa in ɗanka ya san abin da yake yi, ba sai ka fahimta ba. Ka dai tsaya kusa da shi lokacin da jama'a suka taso.