Kafaɗar Baba Mai Ogan

Jiya a shataletalen Bata na ga wani dattijo ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, sai marigayi Baba mai kaɗa ogan ya faɗo mini a rai.

Ina kafinta a Fagge, shekarun da kuɗin mai suka shigo gari, ya kira ni cocinsu a Sabon Gari in gyara katakon da yake takawa a ƙasan ogan, wato babban kayan kiɗan cocin. Da na gama, ya zauna gwaji. Kiɗan ya cika ɗakin har ina jin sa a ƙirjina. Sai na ga kafaɗarsa ta hagu ta ɗaga, haɓarsa ta kwanta a kai.

Na ce, "Baba, wuya ne ke ciwo?"

Ya yi dariya. Ashe kiɗan nan tsohon kiɗan gogen Turawa ne, irin gogen da ake maƙalewa tsakanin haɓa da kafaɗa, shi ya mayar da kiɗan kan ogan, don gogensa ya salwanta a yaƙin basasa.

Na ce, "Ga kaya sun cika kasuwa, a sayi wani mana."

Ya nuna mini yatsunsa biyu da suka sandare. "Goge ya tafi, Malam. Kafaɗar ce ba ta samu labari ba."

Allah Ya sa ya huta, kafaɗar nan ma ta huta.