Tulun Kaka Nomau

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na Filinge ya san wannan ƙarar. Kaka Nomau ne, an idar da sallar asuba, ya durƙusa gaban tulunsa yana ƙwanƙwasa shi da farce, ya kara kunne kamar mai jin gulma. Sai ya buɗe, ya zura hannu, ya ƙara gishiri, ya miƙe.

"Saura kwana ukku."

Shekara hamsin yana faɗin haka.

Asalin abin, lokacin da Nasara suka kafa bariki, an kama shi aikin dole, wata bakwai yana jan ruwa a garkar kumandan. Can ya hango kuku yana cusa 'yan gurji a kwalba da wani ruwa mai tsami, har rani ya wuce ba su lalace ba. Ya dawo gida da ƙuruciyarsa, tafin hannunsa duk ya yi kanta, ya rantse bai dawo hannu banza ba. Kwalba babu, sai tulu. Ruwan Nasara babu, sai jiƙon tsamiya. Ya zuba gauta da albasa da tafarnuwa. Abu ɗaya yake nema a duniya: mutum guda ya ci ya ce ya yi daɗi.

Iya Dije, matarsa, ta riga kowa ƙi.

"Malam, mutane na shanya kuɓewa ta shekara lahiya lau. Kai ka jiƙa abinci kamar wanki."

"Ke mi kin sani? Kumandan da kainai shi ka cin wanga."

"Shi ya sa kullum huskatai ja."

Wata shekara wani gardi, dogarin kumandan, ya shigo karɓar kajin bariki, har ya kama zakaran Iya. Kaka ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce baƙo ba ya fita gidansa da yunwa, ya tsamo masa gauta ɗaya. Gardin ya tauna sau biyu, ya saki zakara, ya nemi ƙofa. Mu muna murna, Kaka kuwa ya bi shi har waje ransa a ɓace.

"Ka dawo nan da kwana ukku, samari."

Da ya kwanta ciwon ajali, na zo jinya da 'yata Hajo. Ya ce, "Amaryata, ɗanɗana mini." Na ci. Ban so in yi ƙarya, ban so in karya masa zuciya, sai na yi ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ya dube ni ya yi dariya har da tari.

"Ƙarya ba ta karɓe ki ba. Ruhe shi. Saura kwana ukku."

Da la'asar ya cika.

Ranar sadakar uku Iya ta ce in zubar da abin, a wanke tulu a sa wa baƙi ruwa. Na buɗe, sai ƙamshi ya buge ni. Kwana ukun farko ke nan da aka bar tulun nan ya huta, ba hannu, ba ƙarin gishiri. Na miƙa wa Iya albasa ɗaya. Ta tauna, ta sake miƙo hannu.

"Ya yi," ta ce. "Ja'irin tsoho. Ya yi." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na ɗaga hannu nan gaban tulun. Allah Ka jiƙan Kaka Nomau, Ka sanyaya makwancinsa, Ka ciyar da shi daga lambun da ba a jan ruwa. Ban kai ga shafawa ba Hajo ta ja mini zane, bakinta cike da gauta.

"Inna, to wa za shi ya gaya mai?"