Baba Ko'ya, Tafintan da Bai Taɓa Barin 'Yar Ƙasa a Waje Ba

Ƙarfe bakwai da rabi yake jingine kekensa a jikin katangar ƙaramar kotu, ya warware ƙafar wandon da ya naɗe, ya gaisa da mai shara, sannan ya shiga. Abu na farko da yake ajiyewa a ƙarƙashin benci gorar ruwa ce, don shi aikinsa na maƙogwaro ne: alƙali ya yi magana da harshen hukuma, shi ya juya ta zuwa Hausa, talaka ya amsa, ya sake mayarwa. Aljihun rigarsa na hagu ya saki saboda ɗan kundin tsarin mulki da yake cusawa a ciki, wanda salatif ya fi takarda yawa a bangonsa. Haka ya yi shekara talatin da ɗaya, har ƙarshen watan jiya da ya yi ritaya.

Ma'aikatan kotun ne suka laƙaba masa Baba Ko'ya, kuma da tsokana suka fara. Dalili shi ne, duk inda doka ta ce "ɗan ƙasa", shi sai ya ce "ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa". Ko sau goma kalmar ta fito a zama ɗaya, sau goma zai maimaita. Lauyoyi su yi ta duban agogo, akawu ya yi ta cizon biro, shi ko a jikinsa. Mai shara ta ce ta taɓa ji yana faɗa wa kyanwar kotu haka, amma ita ba a rasa ta da ƙarin gishiri.

Ni ba labari aka ba ni ba. Ina cikin akwatin masu laifi ranar da na fara jin muryarsa.

Shekara ashirin ke nan. Faɗa ya kaure a tashar mota, 'yan sanda suka kwashe duk wanda ke tsaye, har da ni da littattafaina. Washegarin ranar da aka kai ni kotu, da safe, nake da jarrabawar shiga kwalejin malamai, wadda sau ɗaya ake yi a shekara. In ban samu mai tsaya mini a beli ba, gidan yari za a kai ni zaman jiran shari'a, jarrabawar kuma ta wuce ke nan. Mahaifinmu ya rasu, kawunmu yana gari mai nisa. Wadda ta zo kawai yayata ce, tela, da ƙyallin zare a jikin mayafinta. Tun a baranda akawu ya sallame ta. "Baiwar Allah, mace ba ta karɓar beli. Je ki nemo namiji." Ba ta yi musu ba, don ita ma abin da ta taso tana ji ke nan. Ta zauna a bencin ƙarshe tana share hawaye, ni kuwa na riga na haƙura.

Alƙali ya karanta sharaɗin beli da harshen hukuma. Tafinta ya kurɓi ruwa ya ce, "Za a sake shi idan aka samu ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa, mai sana'a da adireshi sananne, ya tsaya masa ko ta tsaya masa."

Na ga Yaya ta ɗago kai. Ta miƙe a hankali, kamar mai tsoron benci zai kama ta. "Malam, 'yar ƙasa ka ce?"

"Haka na ce, 'yata."

"To ni ina da shago, ina da keken ɗinki biyu. Kowa a layinmu ya san ƙofata."

Mai gabatar da ƙara ya tashi a fusace ya ce tafinta ya ƙara abin da ba a faɗa ba. Alƙali ya dubi tafinta ta saman tabarau ya ce ya kare kansa. Baba Ko'ya ya zaro kundin nan ya buɗe ba tare da lalube ba. "Ranka ya daɗe, kalmar da ka karanta ba ta da gemu, ba ta da ɗankwali. Mu kuwa harshenmu sai ya zaɓa, ko ɗa ko 'ya. In na ce ɗan ƙasa na yi shiru, rabin maganarka na kawo, rabi na bar shi a hanya. Kuma nan an rubuta kada a bambanta mutum don namiji ne ko mace. In akwai inda aka hana ta, a nuna mini in fassara."

Aka yi ta juya takardu, ba a samu ba. Yaya ta sa hannu. Washegari na zauna jarrabawa da rigar da aka kama ni da ita, bayan wata biyu kuma aka kori ƙarar. Yau shekarata goma sha bakwai ina koyarwa, kuma har gobe in na tuna sai idona ya cika.

Baba, kai ne mutumin da ya gane cewa haƙƙi yana iya ɓacewa tsakanin bakin alƙali da kunnen talaka. Ba ka taɓa yanke hukunci ba, ba ka taɓa sa rigar lauya ba, sunanka ba ya cikin fayil ko ɗaya. Amma mai sayar da katin waya a ƙofar kotu ta ce ta daina ƙirga matan da suka shigo kansu a sunkuye suka fita suna tambaya, "Ashe har da mu?" Akawun nan ma da ya sallami Yaya, daga baya shi da kansa ya riƙa leƙa baranda yana cewa, "Ina 'yar'uwarsa? Ta zo ta sa hannu."

Ranar Litinin na je kotun don in ga wadda ta gaje shi, wata matashiya mai saurin baki. Tsoron ranar farko ya kama ta, ta ce, "Kowane ɗan ƙasa..." ta zarce. Ba wanda ya shirya, sai ji aka yi benci ya amsa baki ɗaya, daga masinja har mai shara, "Ko 'yar ƙasa." Alƙali ya ɗaga gudumarsa, ya yi murmushi, ya ajiye. Ita kuma ta koma ta faɗa daidai.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya hutar da maƙogwaronka. Mu da muka rage a ajujuwa da ofisoshi da asibitoci, kowa akwai maganar da ke bi ta bakinsa zuwa ga wanda bai san haƙƙinsa ba. Mu isar da ita cikakkiya. Wataƙila a bencin ƙarshe akwai wata da ke jiran ta ji an ambace ta kafin ta miƙe.