Mai Waya, Wanda Aka Ba Yayansa Gurbinsa

Haihuwa

An haifi marigayi, wanda aka fi sani da Mai Waya, a shekarar 1968, a wani gari da jirgin ƙasa ke ratsawa. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarsa tana ɗinki a gida, shi ne kuma ƙarami a 'ya'yansu maza biyu.

Karatu

Ya kammala sakandare a 1986, shekarar da gwamnati ta buɗe tallafin karatu ga masu son koyon sana'a a kwalejin fasaha. Ya zauna jarrabawa, ya zo na uku, aka ba shi gurbin koyon aikin lantarki na shekara biyu. Da takardar ta iso shago, mahaifin ya sa aka karanta masa sau biyu, sannan ya ce, "Yayanka na zaune kai ka tafi kwaleji? Bana shi, baɗi kai." Aka ɓamɓare hoton ƙanen daga fom, aka manna na yayan, yayan ya tafi kwaleji da sunan da ba nasa ba. Wata huɗu ya yi ya dawo, wai lissafi na sa masa ciwon kai.

A 1987 Mai Waya ya sake nema. Akawu ya buɗe rajista, ya ɗora yatsa a kan sunansa, ya ce, "Malam, sau ɗaya ake ba mutum. An ba ka, ka gudu." Gaskiya tana bakinsa, amma faɗinta daidai yake da kai ubansa da yayansa gaban alƙali. Ya naɗe takardunsa ya fito. A gida aka kira wannan biyayya. Zalunci ne, kuma kowa ya sani.

Aiki

Ya koyi jan wayar lantarki a wurin wasu, har hannunsa ya fi nasu. Shekara talatin da ɗaya yana hawa tsani, yana fasa bango da kurfi, idan ya gama sai wani mai satifiket ya zo da biro ya sa hannu a kan aikin. Abokan aiki kan ce masa, "Injiniya, ina ka ajiye takardar taka?" Sai ya ce tana wurin Yaya, a yi dariya, shi ma ya yi.

Aure da iyali

Ya yi aure a 1994. Da babbar 'yarsa ta kawo fom ɗin tallafin a 2013, ya karɓa ya yaga a gabanta, bai ba da dalili ba. Haka ya yi wa sauran. Nan kuma laifin nasa ne, babu mai wanke shi.

Rasuwa

Ya rasu a 2018 bayan jinyar ƙirji ta wata biyar, aka binne shi da hantsi a maƙabartar da ke bayan tashar jirgi. Allah Ya yafe masa, Ya yafe wa mahaifinsa. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu: babbar tana aure, na biyu ɗan dako ne, na uku yana wankin mota, autan yana gadi. Dukansu sun ci jarrabawar sakandare, babu ko ɗaya da ya taka ƙofar kwaleji.