Tarin da Ban Taɓa Ji Ba

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a cikin gidana aka yi shi.

A Salaga aka haife ni, aure ya kai ni Bawku, can na tsufa ina sayar da man gyaɗa a ƙofar gida. Jikana ɗan fari ne wurin 'yata da ke aure a Yendi, don haka tun yaye aka kawo mini shi. Ita kunya ta hana ta yi masa ko faɗa, haka muka gada. Ni kuwa tsakaninmu sai wasa, maigida nake ce masa.

Kawunsa mai fataucin shanu ya kai shi jami'a a Nijeriya. A hutun shekara ta biyu ya dawo da kwalbar maganin tari a aljihu, da barci har azahar ta wuce shi.

Na ce, "Maigida, ni fa ban ji kana tarin ba."

Ya ce, "Ai maganin ne ke danne shi. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Kulungugu nan bakin iyaka ba, me ta sani?"

Muka yi dariya. In kwalbar ta ƙare, ni da ƙafata nake kai ta wani shagon magani bayan tasha, in ce a ba ni irinta, tunda ban iya karatu ba. Kwalaben kuma in wanke su tas, in zuba mai, in jera a faranti.

Ran nan maƙwabciyata mai aikin asibiti ta zo sayen mai. Ta ɗauki kwalba ɗaya tana jujjuyawa.

"Iya, wa ya shanye waɗannan?"

"Jikana."

"Shi kaɗai?"

Ta zauna a benci, ta ce mini ba don tari ake shan wannan ba, don maye ne, kuma yana cinye hankali.

Na kira shi na ce ya bari. Ya ce, "Yau kuma tsohuwa wa'azi take ji?" Shekara da shekaru ina yi masa wasa, ranar da na yi da gaske bai bambance ba.

Na hau mota zuwa Yendi, na kai wa 'yata labari. Uwarsa ta sunkuyar da kai, ta ce, "Inna, na gani tun babbar salla. Na zaci ke za ki yi magana." Kafin mu iso Bawku tare, ya koma makaranta.

Shekara ba ta zagayo ba jami'a ta sallame shi. Yanzu yana Yendi, duk wata ana kai shi asibiti. Wata rana ya yi hira garau, wata rana ya yini yana kallon bango. Uwarsa ke jinyarsa. Kawunsa ya daina zancen. Maƙwabciyata an mayar da ita Bimbilla. Mai shagon yana nan bayan tasha. Ni ƙafa ta gaza, na koma Salaga wurin ƙanena, ina jiran wayar jikana ran Juma'a.