Karfasa a Ɗakin Baba

Ni aikina yanka gilashi. Shi na iya, da shi na ci abinci, kuma shi ya bar mini waɗannan tabban a yatsu. Boko kuwa firamare ma ban ƙarasa ba, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya yi haƙuri.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, Gombe ta rikice da gine-gine. Duk wanda ya samu kwangila sai ya rushe soron ubansa ya ɗora bulo, ya aiko a zo a sa masa taga mai gilashi. Yayyena biyu suna cikinsu. Ɗaya ya gina gida a Shamaki mai falo har da fanka, ɗayan ya sayi mota yana zuwa Legas kamar mai zuwa cefane. Ni na sa musu gilashin tagoginsu. Amma da ɓarin jikin mahaifinmu ya shanye a ƙauye, aka ɗauko shi a bayan akori-kura, sai kowannensu ya tuna gidansa ba wuri. A ɗakuna biyun da nake haya a Tudun Wada aka sauke shi. Har gobe idan na wuce ta ƙofar gidan nan na Shamaki ba na ɗaga kai.

Baba masunci ne. A bakin kogin Gongola aka haife shi, a cikin kwalekwale ya tsufa. Ciwon ya kashe masa hannun dama da ƙafar dama, ya nauyaya masa harshe. Muka ba shi ɗakin da ya fi iska, muka shimfiɗa masa katifa. Ya juya fuska bango, ya ƙi abinci. Matata ta dama kunun tsamiya, ta dama fura, ta yi tuwo mai laushi da miyar kuka, ta durƙusa tana cewa Baba ko loma ɗaya. Sai ya kurɓi ruwa kawai ya rufe baki. Kalma ɗaya ce take fita sarai daga bakinsa, gida. To gida wurin wa? Innarmu ta rasu, 'yan'uwan da suka rage su ma lallaɓawa suke. Wata rana matata ta tare ni a zaure ta ce, in dai haka za a ci gaba, tsohon nan ba zai ga damina ba. Na san gaskiya ta faɗa. Ƙasusuwan wuyansa sun fito har ana iya zuba musu ruwa su riƙe.

Maƙwabcina direban babbar mota ne, Kirista daga wajen Kaltungo, mutum mai yawan barkwanci. Shi ne ya ce mini ya taɓa kai kaya gidan wani likita Bature ya ga kifi a cikin akwatin gilashi, a falo, suna yawo kamar su ne masu gidan. Ya ce tunda ba zan iya kai tsoho kogi ba, in kawo masa kogin mana, ko gilashin nawa na masu kuɗi ne kaɗai. Na ce masa ya cika shirme, a garin da ruwan sha ma sai an bi 'yan ga-ruwa da roƙo. Amma da na kwanta maganar ta ƙi barina.

Na kai wa mai walda ƙarfe ya haɗa mini firam. Na tsinci ragowar gilashi mai kauri daga wani kanti da muka yi wa aiki a bakin kasuwa, na yanka, na liƙe da foti, danƙon da muke riƙe gilashin taga da shi. Ranar da na fara zuba ruwa ya tsiyaye tas a tsakar gida, matata ta tsaya da tsintsiya tana kallona. Na sake liƙewa, na bi kusurwoyin da kwalta, na bar shi ya sha rana, na jiƙa na zubar har warin ya fita. Direban nan ya taho mini da kifin karfasa 'yan madaidaita daga Dadin Kowa a cikin garwa, da yashin kogi a buhu. Rabinsu sun mutu a hanya, muka soya. Sauran na juye su a akwatin, na ɗora shi a kan benci daidai inda Baba yake fuskanta. Tunda bango yake so ya kalla, na sa masa su a jikin bangon.

Idon Baba ya bi su. Sai daga baya na fahimci abin da ya kama shi. Mutumin nan ya kama kifin da ba zai ƙirgu ba, amma daga sama yake ganinsu, inuwa a cikin ruwa, ko kuma suna shure-shure a cikin komar kamun kifi. Bai taɓa ganin kifi ta gefe ba, yana zamansa lafiya, yana buɗe baki yana rufewa, yana tonon yashi yana tofarwa.

Ni da jahilcina na fara jefa musu ɓarɓashin tuwo da ƙosai. Maiƙo ya rufe saman ruwan, ya yi tsami, da safe duk suka taso suna haki. Nan Baba ya fara yi mini faɗa na farko tun zuwansa, da hannun hagu yana dukan katifa. Da ƙyar na gane dusa yake cewa, da gara, da ganyen zogale, kuma kaɗan. Ya nuna a ba shi ludayi. Aka jingina shi da matashi, ya riƙa ɗibar ruwan yana ɗagawa yana tsiyayarwa, har kifin suka koma ƙasa. Daga ranar aikinsa ke nan. Ni nawa in rage ruwan da gwangwani in ƙara sabo wanda ya kwana a randa, matata kuma ta zuba tsohon ruwan a gindin zogalenta.

Ita ce ta yi dabarar da ni ba zan taɓa yi ba. Ta shigo da kwanon kunu a hannu ɗaya, ƙoƙon dusa a ɗayan, ta ajiye ƙoƙon nesa da shi.

“Baba, baƙinka ba sa cin abinci kafin mai gida. Ka sha tukuna, sai in miƙo maka nasu.”

Ya harare ta, harara ta gaske. Ya dubi kifin sun taru a gilashi suna jira. Ya buɗe baki. Cokali uku ya sha a ranar, ta fito tsakar gida tana share ido da bakin zane tana cewa hayaƙi ne, alhali ko wuta ba ta hura ba.

Haka muka samu lafiya har zafi ya shigo sosai. Sai wata 'yar ƙarama a cikinsu, wadda Baba ya fi so saboda tsiwarta, ta daina ci. Ta koma kusurwa ta rufe baki, haɓarta ta kumbura. A watsa dusa, kowa ya yi wawa, ita ko kallo. Kuma Baba ma ya rage ci. Zai kurɓa sau ɗaya ya ture kwanon, idonsa a kanta tun safe har rana ta faɗi. Na ce a raina ciwo ne ya kama ta, za ta mutu a gabansa, shi kuma ya bi ta. Kusan mako biyu muna haka. Ran nan na dawo daga aiki da azahar, na ɗauko kwando na ce bari in cire ta kafin ta shafa wa sauran.

Ban san akwai sauran ƙarfi a jikin tsohon nan ba. Ya damƙe mini wuyan hannu da hagunsa, damƙar mai jan koma. Ya daɗe yana kokawa da harshensa.

“Auta, bar ta. Goyo take.”

Na ce Baba wane irin goyo, kifi da ba ta da baya. Ya nuna bakinsa. A hankali, rabi da magana rabi da hannu, ya fahimtar da ni cewa karfasa a baki take riƙe ƙwanta, ba ta ci ba ta sha har su ƙyanƙyashe. Ya ce a garinmu idan an jawo koma sai a buɗa bakin kowace karfasa, wadda aka samu da ƙwai a mayar da ita ruwa, haka ubansa ya koya masa. Ya mayar da su ba adadi, amma bai taɓa ganin ƙarshen abin ba. Shi ya sa ba ya son ya sunkuya kan kwano, kada ta sake su yana kallon kunu.

Na ajiye kwandon. Na raba akwatin da wani gilashi don kada manyan su cinye 'ya'yan, matata kuma ta koma ba shi kunun a baki daga gefe, yadda ba za ta tare masa ba.

Da hantsi abin ya faru, ranar wata Juma'a, ina shirin wanka. Matata ta kira ni a hankali. 'Yar kifin ta buɗe baki, sai ga su suna fitowa kamar an watsa tsakin gero, ƙanana, ido kawai da wutsiya. Suka yi ta shawagi kewaye da kanta. Na matso da garaje, inuwata ta faɗa kan ruwan, nan take suka ruga suka koma cikin bakinta, ta rufe. Baba ya yi dariya da rabin fuskarsa mai rai, hawaye na bin ɗaya rabin. Ya ce in matsa, ƙaton banza, na tsorata yara.

Da ta sake sakinsu, ya murza dusa da yatsunsa har ta yi gari, ya yayyafa. Uwar ta taso ta ci, ci na mai yunwa. Ya kalle ta har ta ƙoshi, sannan ya juyo wajen matata ya ce ko akwai sauran tuwon jiya.

Ya ga daminar nan, ya ga ta bayanta ma. Bai ƙara cewa gida ba. Yayyena sun zo duba shi da salla, babban ya tsaya kan akwatin da babbar rigarsa yana tambaya ko zan yi masa irinsa a falo. Na ce gilashi ya ƙare.

Bayan mun binne Baba, direban nan ya ɗauke ni da garwa biyu zuwa bakin kogi, na juye su duka. Akwatin yana nan a bayan ɗaki, gefe ɗaya ya tsage. Matata tana shuka albasa a ciki.