Rabin Maganin Maigidana

Shekaru sun ja, mantuwa ta cinye mini abubuwa da yawa, amma ranar da na tafi bakin kogi don in ƙwato rabin maganin maigidana tana nan daram a raina, kuma da ita za a kai ni kabari. Ni ban san baƙi ba, faɗa nake ana rubutawa. In an ji maganata ta karkace, kuka ne ya karkatar da ita.

A zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasa ne ciwo ya kwantar da Maigida, Allah ya jiƙansa. Ciwo ne da ya shiga ƙashi, har ta kai ko tabarma ba ya son ta taɓa bayansa. Muka kai shi babban asibiti a Yamai. Lokotoro, wato likita, bai ɓoye mana ba, ya ce warkewa sai Allah, amma za a rage masa azaba. Ya ba mu wani magani da ba a sha, ɗan siriri kamar fatar albasa, ana liƙa shi a ƙirji ko a kafaɗa, yana shiga jiki a hankali. Ya ce kwana uku yake yi, a cire tsohon kafin a sa sabo, a sauya masa wuri. Kada a yanka shi, kada a kusance shi da zafi, kada a ba kowa ko da uwa ɗaya suka fito. Muka dawo garinmu Gaya, Maigida ya fara samun barci.

To, yana da aboki, wani Badande, ɗan ƙabilar yankinmu, mai bandar kifi a bakin kogi. Wanzami ɗaya ya yi musu kaciya, tun daga nan ba su rabu ba. Goro ɗaya Maigida bai taɓa ci shi kaɗai ba, sai ya fasa ya ajiye wa mutumin nan rabi. Ni da na haifa masa 'ya'ya na binne wasu, in na yi magana sai ya amsa da "to". Amma da zarar wancan ya yi sallama, sai ka ji dariya har da tari. Ba na son mutumin nan, kuma unguwa duk ta sani.

Wata rana da hantsi ya shigo yana ɗingishi, yana warin hayaƙi.

"Amaryarmu, yau ma fuskar ba gishiri?" in ji shi, ni da furfura ta gama da kaina.

"Gishirin yana wurin kifinka," na ce.

Ya zauna yana kukan ƙugu, wai ya hana shi sunkuyawa. Ranar ce ta sauya magani, na riga na cire tsohon na ninke. Sai na ji Maigida ya ce in miƙo masa almakashi.

"Maigida, lokotoro fa ya hana."

"Ya hana a ba baƙo. Wannan baƙo ne?"

"Cewa ya yi kowa."

Ya dubi abokinsa ya yi murmushi. "Ka ji ta ko? Tun tana amarya haka take. Ko inuwa na ba ka sai ta ji haushi."

Suka yi dariya. Ya raba sabon maganin biyu, ya liƙa wa kansa rabi, ya liƙa wa abokin rabi a ƙugu da hannunsa. Gaskiya na faɗa, amma wa zai saurari gaskiya daga bakin da ya saba da ƙorafi? Kuma ni ma ba tsoro ne ya cika mini ciki ba. Bayana ya daɗe yana ciwo, da shi nake ɗaga Maigida in kwantar, da shi nake wanke masa jiki. Bai taɓa cewa, "Ke, zo ki gwada" ba.

Washegari rabin bai riƙe Maigida ba. Kafin azahar yana ta nishi, gumi na karyo masa, yana cizon bakin riga don kada in ji. Na tsaya a kansa raina na tafasa. Wato shi ya sha azaba, ni in sha wahala, wancan kuma ya yi ta yawo da sauƙin a ƙugunsa? Na yafa mayafi na nufi kogi, ina shirya zagin da zan yi masa a gaban jama'a.

Tun daga nesa na ji ƙaurin kifi. Na tarar da shi jingine da jikin murhun banda, bayansa a wurin da ya fi zafi, kai ya faɗi a ƙirji. Matan da ke gyaran kifi a gefe suka ce, "Inna, bar shi, tsufa ne, tun ɗazu yake minshari." Na daka masa tsawa, bai motsa ba. Na girgiza shi. Leɓɓansa sun sauya launi, numfashin sai ya ja ɗaya, ya yi shiru har ka ce ya tafi, sannan ya ja wani. Na ɗage rigarsa na fizge abin, na kwarma ihu.

Aka ɗora shi a amalanken jaki. A shingen hanyar gada wani soja ya leƙa, ya ga halin da yake ciki, ya ce a sa shi a motarsu. A asibitin garinmu na nuna wa lokotoronsu rabin da ke manne a tafina. Ya karɓe da sauri, ya ce in wanke hannu, ya yi wa mutumin allura, sai ga shi ya buɗe ido yana amai. Lokotoro ya ce jikin Maigida ya saba da maganin sannu a hankali, shi kuwa wannan bai taɓa sanin irinsa ba, ga zafin wuta ya tura masa shi da yawa lokaci guda. Ya ce ko an cire, saura na nan cikin fata, dole ya kwana a wurinsu. Da na ƙara jinkiri, da gawa za mu ɗauko.

Da la'asar na koma gida, ƙafafuna duk ƙaya, na tarar labari ya riga ni isa. Maigida ya ɗago da ƙyar ya ce, "Yana raye?" Na ce yana raye. Ya rufe fuska ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Na liƙa masa sabo cikakke yadda lokotoro ya ce, na jira ya natsu, sannan na tambaye shi abin da ke cina.

"Ni me ya sa ba ka taɓa ba ni ba?"

Ya ce, "Ashe ke ma bayanki na ciwo?"

Bai kai damina ba ya rasu.

Abin da na koya, ina faɗa wa duk mai jinya: irin wannan magani an auna shi ne da jikin mutum ɗaya. Ba a raba shi, ba a yanka shi, ba a kai shi kusa da wuta, kuma in mai shi ya yi barcin da ba a iya tashinsa, a cire a ruga asibiti. Na sani sarai da ni ya ba, wataƙila da ni na riga shi tafiya. Na sani. Amma Allah ya yafe mini, har yau in na kwanta ciwon bayana ya motsa, ina jin da ma ni ya miƙa wa.